Abin da Tsohon Masunci Ya Ce, da Abin da Na Ce Ya Ce

Tun da muka dawo daga Iskandariyya matan Hayyin Ashir, unguwarmu a nan Alƙahira, ba su bar ni na sha ruwa ba. In na fita sayen burodi a tare ni, in na hau bene a tare ni. Shekaranjiya Maman Ilham, maƙwabciyarmu 'yar Zinder, ta leƙo ta taga tana kira, "Amaryar teku! Wai ina hotunan ne? Ko kifi ya haɗiye wayar?" Hoto ɗaya tak na dawo da shi, shi ma ba na nuna shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta labarin sau ɗaya, mai dariya ta yi ta gama, mu huta.

Waɗanda suka san ni tun a Gwammaja sun san da me aka raine ni. Littattafan soyayya na haya ne, waɗanda nake cusawa a tsakiyar littafin Islamiyya in yi ta gyaɗa kai kamar mai hadda. A cikinsu na koyi cewa miji dogo ne mai saje, in zai yi magana sai ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ya kai amaryarsa cikin jirgin ruwa, iska tana kaɗa mayafinta. Sai Allah ya haɗa ni da Malam Nasiru, mutumin Gumel, ɗalibin fiƙihu. Mutumin kirki ne, ban taɓa neman abu na rasa ba. Amma ran da na ce masa, "Malam, ka yi kewata?" sai ya duba agogo ya ce, "Ai da safe muka rabu."

Wuri ɗaya ne yake yi mini irin kallon da na karanta, wato kasuwa. Larabcin Malam na littafi ne, in ya tambayi kuɗin tumatir sai ka ce huɗuba zai fara. Misirawa kuwa nasu na titi ne, a guje suke yin sa, suna haɗiye rabin kalma. Ni da nake wuni da maƙwabta da wasannin talabijin, cikin shekara guda na iya shi. Duk inda muka je, in aka yi masa magana, sai ya juyo gaba ɗaya, ya zuba mini ido ya ce, "Hindatu, me ya ce?" Ba zan ɓoye muku ba, saboda wannan tambayar nake son zuwa kasuwa.

A waya na ga tallar. Jirgin shaƙatawa ne, ya tashi daga Iskandariyya da safe, ya bi gaɓa, a kwana a cikinsa, a dawo washegari. An kuma yi ragi sosai saboda lokacin sanyi ne. Ban tsaya tambayar kaina dalilin ragin ba. Hutun tsakiyar shekara ya zo, na kai wa Malam shayi, na zauna kusa.

Ya ce, "Babu hatsari kuwa? Ni fa ruwan da na sani na rijiya ne."

Na ce, "Haba Malam, watan Janairu fa muke. Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin hadari ya haɗu a Janairu?"

Ya shafa gemu, kamar an kawo masa fatawa. Can ya ce, "Hujjarki tana da ƙarfi." Kuma wallahi a lokacin da gaskiyata na faɗa. A wurinmu ruwa na damina ne, in kaka ta wuce sama ta kulle sai baɗi. Alƙahira kuma ta ƙara ruɗa ni, garin da in an yi yayyafin minti biyar sai mutane su fito ɗaukar hoto. Ina zan san cewa a bakin teku an juya abin, lokacin zafi ne lafiya, sanyi ne damina?

Na yi shiri na mako biyu. Na ɗinka doguwar riga ruwan hoda, na sayi mayafi mai santsi wanda iska za ta ji daɗin kaɗawa. Wata 'yar Sudan ta zana mini lalle har gwiwar hannu, na yi wanka da humra. Malam kuwa ya ɗauki sallaya da buta da littafi guda.

Daga tashar Ramsis muka hau jirgin ƙasa. Wata mata da ke gabanmu ta miƙo mini gasassun 'ya'yan kabewa, waɗanda Misirawa ke ɓarewa da haƙori su furzar da ɓawon ba tare da sun daina magana ba. Na yi ƙoƙari sau uku abin ya gagara, kunya ta hana ni tofarwa, na dinga haɗiyewa har da ɓawon. Ta ga hannuna ya ƙare da wuri, ta ce lallai ina so, ta ƙaro. Haka na isa Iskandariyya maƙogwarona kamar an zuba ƙaiƙayi.

Da muka fito tasha sai na ga tituna a jiƙe, ga masu sayar da laima a kowace kwana. Malam ya ce, "Ikon Allah, ruwa aka yi?" Na ce wataƙila wanke titi suke yi, ai garin masu tsafta ne. Rana tana haske, na ɗauke idona daga laimomin.

Masaukinmu wani tsohon gida ne a unguwar masunta, matakalarsa tana warin gishiri da kifi. Mai gidan sunansa Ammu Jabir, tsohon masunci, kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka ko sannu zai ce sai an ji a titi. Kafin ya ba mu makulli sai da ya nemi takardar aure. A gida wa zai kalli mutum da gemu da buta ya ce ya kawo shaidar aure? Amma nan doka ce. Malam ya miƙa, ya haɗa da gaisuwa mai tsawo irin ta littafi. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim."

Da yamma ya aika mu wani gidan kifi. A can ba a ce maka ga abin da aka dafa, kai ne za ka nuna kifinka yana kwance a kan ƙanƙara, a gasa maka. Aka haɗo mana da jatan lande, manya, da gashin baki da idanu. Malam ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "A mazhabarmu halal ne, babu saɓani. Amma ki cinye." Na ce ai fara ce ta ruwa, na zaro yajin da na ƙullo a leda na barbaɗa. Mai gidan kifin ya zo ya ɗanɗana yajin, ya tafi yana hawaye yana sa mana albarka.

Washegari da safe muka sauko da jaka, na ci kwalliya. Ammu Jabir ya tambaye ni ina zuwa. Na faɗa masa ina murmushi. Sai fuskarsa ta canja. Ya kama gefen hannun rigar Malam ya ja shi gaban wata takarda da ta yi jawur don tsufa, manne a bango, ya fara buga ta da yatsa yana magana a guje. Ga abin da ya ce, yau zan faɗe shi daidai.

Ya ce guguwar teku a garinsu tana da lokaci, sunanta nawwa, kuma ba ɗaya ba ce. Duk lokacin sanyi suna zuwa bi da bi, kowacce da sunanta da ranarta, masunta sun gaji lissafin tun kakanni. Ya ce wadda ke tafe tana cikin manya, a takarda jibi ce, amma ba ta da alƙawari, takan riga ranarta. Ya ce in duba bakin ruwa in ga ko akwai kwalekwalen da ya fita. Ya ce, "Ya binti, da 'yata ce ke, da na kulle ƙofar nan na jefa makullin a teku. Ku dawo da zafi, lokacin ruwan yana kwance kamar faranti."

Malam ya juyo gaba ɗaya, ya zuba mini ido. "Hindatu, me ya ce?"

Na tuna rigata. Na tuna lallen da ya fara dushewa, ba zai kai lokacin zafi ba. Na tuna na riga na gaya wa duk matan Hayyin Ashir. Na kalli taga, rana tarwai. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya ce teku tana da kyau a wannan lokacin, sai dai mu riƙe rigar sanyi."

Malam ya ce, "Duk wannan doguwar maganar?"

Na ce, "Ka san Misirawa."

Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu ya yi masa godiya. Tsoho ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauka mun ji mun ƙi ne. Ya shiga ciki ya fito da lemon tsami guda huɗu ya danƙa mini, ya ce Allah ya rufa asiri.

A ƙofar tashar jiragen ruwa aka karɓi fasfo da takardar zama, kamar masu barin ƙasa. Jami'in ya kalli hotona, ya kalli fuskata da ta sha hoda, ya kira abokinsa su biyu suka ƙara dubawa, sannan suka yarda ni ce. Jirgin da na gani a waya hawa biyar ne, fari tas. Wanda muka tarar hawa biyu ne da ɗan ɗaki a sama. Na ce wa kaina ai so ba ya duba girman jirgi.

Awa uku na farko, gaskiya, na samu abin da na zo nema. Na tsaya a saman jirgi na riƙe ƙarfe, iska tana kaɗa mayafi daidai yadda aka rubuta. Na sassauta murya na ce, "Malam, in ka kalli tekun nan, me kake tunani?" Ya ce, "Ina tunanin yadda mutum zai tsayar da alƙibla in jirgi yana juyawa." A nan ya ɗauke ni hoton nan guda, rabin fuskata a rufe da mayafi, babban yatsansa ya rufe sauran rabin.

Bayan azahar muna cin abinci sai na ga cokalina ya tafi da kansa zuwa wurin Malam. Na fita in duba. Yamma ta yi baƙi ƙirin, irin baƙin da a gida in an gani ake kwashe shanya a kora awaki. Iska ta zo sau ɗaya ta fizge mayafin daga kaina. Na ga ya tashi sama, ya yi rawa yadda na so ya yi, ya faɗa ruwa. Aka yi shela a lasifika cewa kowa ya sauka ƙasa ya sa rigar ceto. An juya za a koma, amma an rufe mashigar tasha saboda igiyar ruwa, sai mun jira a waje har iska ta sassauta. Wannan kam na fassara wa Malam daidai.

Ban san jirgi yana iya tsayawa da ƙafar baya kamar doki ba sai ranar. Ya hau, ya hau, cikinki ya biyo baya, sannan ya faɗo, ki ji ƙarar ta ratsa haƙoranki. Faranti suna fashewa, yara suna ihu, maza suna zagin ma'aikata, ma'aikata suna rantsuwa cewa an ga wadda ta fi wannan. Humrar da na yi wanka da ita ta zama abokiyar gaba, duk numfashin da na ja sai amai ya taso mini. Wata dattijuwa, Ummu Karim, da ta rako ɗanta da amaryarsa, ta ga lemon tsami a jakata, ta gatsa ɗaya ta tura mini a hanci, ta raba sauran ga na kusa. Tana salati tana zagin ɗan nata da ya kawo su, ba ta haɗa ɗaya da ɗaya ba.

Malam ya ɗaure mini igiyar rigar ceto, ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. Ya riƙe mini leda, yana karanta duk addu'ar da ya sani. Can jirgi ya yi wata faɗuwa, fitilu suka ɗauke suka dawo, sai na ji ya ce a hankali, "Allah ya yafe wa tsohon nan. Ya san teku, ya ga baƙi ne mu, ya ce mana lafiya. Ina ta ƙoƙarin in cire shi daga raina kada in mutu da shi."

Nan ne tsoron ruwa ya bar ni, wani ya shigo. Na ga ni a gaban Ubangiji da lalle har gwiwar hannu, ga haƙƙin miji, ga haƙƙin bawan Allah da ya ba ni lemon tsami. A littafi, mace takan faɗi irin wannan magana hawaye na gangarowa a kan kumatunta kamar lu'ulu'u. Ni na faɗa ne tsakanin amai biyu.

"Malam, tsohon bai ce lafiya ba. Ya ce kada mu je. Ya ce da 'yarsa ce ni da ya kulle ƙofa. Ni ce na juya maganar."

Ya dube ni. Na jira ɗaya daga biyun da na sani, ko ya rungume ni ya ce ya yafe, ko ya juya baya ya ce na cuce shi. Sai ya gyara bakin ledar ya ce, "Yi a nan, kada ki ɓata wa baiwar Allah takalmi." Da na gama ya ce, "Sauran sai mun sauka."

Kun ga matsalar faɗin gaskiya don an zaci mutuwa za a yi: wani lokaci ba a mutuwa. Gab da magariba iska ta ɗan ja baya, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfi ya fito ya shigar da mu. Da ƙafarmu ta taɓa ƙasa Ummu Karim ta rangaɗa guɗa, irin tamu sak, ta rungume ni, ta sake zagin ɗanta. Kowa yana murna. Ni kaɗai na san tawa guguwar yanzu za ta fara.

Muka koma masauki a jiƙe, kaina ɗaure da tawul ɗin jirgi. Ammu Jabir yana bakin ƙofa, ashe tun la'asar yake tsaye a wurin. Ya hau faɗa, hannu sama, muryarsa har tsallaken titi. Na jira Malam ya juyo. Bai juyo ba. Ya matsa kusa da kunnen tsohon mai ji, ya yi magana a hankali da Larabcinsa na littafi, ya ce ya yi masa mummunan zato alhali shi mai nasiha ne, yana neman gafara. Tsoho ya gane sarai. Wannan karon bai yi masa ba'a ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya shiga ya ɗora mana shayi.

A jirgin ƙasa na ba shi haƙuri, a gida na sake. Ya ce, "Na yafe tun muna cikin ruwa, ban so mu mutu da riƙo ba. Amma Hindatu, a garin nan ba ni da kunne sai ke. Kunnena na ba ki ajiya." Bai ƙara ba, bai ɗaga murya ba, bai fasa cin abincina ba. Abu ɗaya ya daina. In mai gidan da muke haya ya zo maganar famfo, sai ya yi ta fama da shi da hannu da ka. Ya je sayen gishiri ya dawo da sukari. Rannan ina gefensa direba ya faɗi inda motarsa za ta, Malam bai gane ba, bai kuma tambaye ni ba, muka hau, muka tsinci kanmu a wata unguwa can, Hayyin Sabi'. Haka muka nemi wata motar muka dawo. Mako uku muka yi a haka. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya gaya mini cewa mutum zai iya kewar tambaya.

Masu tambayata ko su ma su je, ga amsa. Ku je, teku abin gani ce. Amma Janairunmu ba Janairunsu ba ce. Ku tambayi masunta kafin ku tambayi masu talla, in kun ga kwalekwale duk a ɗaure ku ma ku ɗaure kanku, in kuma kun ga ragi ya yi yawa ku tambayi dalili. Sannan in da hali, kowa ya ji da kunnensa.

Ranar Asabar da ta wuce Malam ya ce in shirya mu je kasuwar Ataba. Bai faɗi dalili ba. Muka kutsa cikin cunkoso har layin masu mayafai, ya tsaya a wani shago, ya nuna wani ruwan hoda mai santsi, irin wanda teku ta ci. Ya yi wa mai shagon bayani da Larabcinsa. Mai shago ya dube ni, ya dube shi, ya saki magana a guje yana dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Sai na ji ya juyo gaba ɗaya.

"Hindatu, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce wannan launin bai dace da ni ba, zai sa in yi kama da alewa. Ya ce mai santsi ba ya zama a ka, iska kaɗan ta ɗauke shi. Ya ce kai kuma, wai a wane masallaci kake limanci, yana so ya zo Juma'a."

Malam ya ce, "Duk shi ya faɗa?"

Na ce, "Akwai saura. Ya ce da ganinka matarka ce ke juya ka."

Ya shafa gemu kamar an kawo masa fatawa. Sannan ya ce, "Gaya masa hujjarsa tana da ƙarfi. A ba mu mai kauri, da allura biyu na maƙalewa."